Akuyar Baba Ba Ta Taɓa Ciwo Ba

Ka gan ta, kada ka ce min ba ka gan ta ba. Shekara huɗu cur tana wucewa ta ƙofar gidanka kowace Asabar, igiya a hannu, littafi a hammata, akuya na biye da ita tana turjiya. Ka yi dariya ka ce, "Ga Auta da majinyaciyarta." Ko sau ɗaya ba ka tambayi wane littafi ne wannan ba. Haka kuke dukanku. In yarinya ta yi sabon ɗinki kun hango tun daga nesa, in ta ci jarrabawa sai ku kau da kai. To yau zauna ka ji abin da ya wuce ka.

Auta 'yar mai gyaran agogo ce, shekarunta ashirin da huɗu. Tun tana da ashirin zuciyarta ta maƙale wa wani saurayi da unguwa ta raɗa wa suna Sai Baɗi. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Burinsa ɗaya a duniya, ya shiga makarantar likitan dabbobi.

Makarantar kuwa ba ta ɓoye sharuɗɗanta ba, suna nan manne a allon sanarwa: kwas shida na share fage, kada sakamakon kowanne ya wuce shekara biyar da fitowa, sa'a ɗari uku ta aiki a asibitin dabbobi, wasiƙar shaida daga likita. Sau ɗaya ake buɗe tagar karɓar fom a shekara.

Sai Baɗi ya gama kwas shidan tun tuni. Amma duk sanda taga ta buɗe sai ya shimfiɗa takardunsa ya ƙura musu ido, ya ce makin Kemistiri bai yi masa ba, gara ya maimaita ya shiga da ƙarfinsa. "Baɗi, in Allah ya kai mu." In ya gyara Kemistiri sai Fiziks ya fara ba shi kunya.

Baba, mahaifin Auta, mutum ne da ya kwashe shekara talatin yana daidaita lokacin jama'a. Da ya ji baɗi na farko sai ya ce kada ya sake ganin ƙafar yaron a ƙofarsa sai da takarda a hannu.

An hana zance, amma ba a hana karatu ba. Sai Auta ta ce tana son ƙaro ilimi, ta yi rajistar duk kwas ɗin da Sai Baɗi yake maimaitawa, ta zauna a bencin bayansa. Zangon da ajinsa ya cika, ta shiga ajin da ke maƙwabtaka da shi don su riƙa haɗuwa a baranda. Ranar Asabar kuma, da yake yana aikin sa kai a asibitin dabbobi, sai ta ce wa Baba idon akuyarsa Gimbiya bai yi mata ba. Wata Asabar kunne ne. Wata Asabar tafiyarta ce ta canza.

A nan ne dabara ta ci mai ita. Ganin Gimbiya ba ta fita daga asibiti, sai Baba ya yanke cewa gidansa na buƙatar likitan dabbobi, kuma ta hanyar suruki zai same shi. Gwaggo, yayar Baba, da ta ji haka ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta kawo nata gwanin.

* * *

Safiyar Alhamis ɗin da za a rufe taga, Auta ta fito tsakar gida ta tarar da gwanin Gwaggo tsugune gaban Gimbiya. Mai sayar da maganin dabbobi ne a kasuwa, yana da farar riga mai aljihu uku da mota mai ƙaho biyu. Bai taɓa taka makarantar likita ba, amma kowa Dokta yake ce masa, saboda mun fi girmama riga a kan abin da ke cikin kai.

"Dubi hannu, 'yar nan," in ji Gwaggo tana yi wa Auta raɗa da murya mai kaiwa titi. "Hannu mai albarka. Ko ni ya yi wa allurar nan sai na miƙe."

Dokta ya zuƙo ruwan magani yana murmushi. Auta ta karkata kai ta duba kwalbar.

"Dokta, hoton kaza nake gani a jikin kwalbar nan."

"Ai dabba dabba ce, ƙanwata. Ƙara yawan ruwan kawai ake yi."

"Ranar lalacewarsa ma ta wuce tun bara."

"Wannan Turawa suke rubuta wa kansu. Ranar tasu daban, tamu daban."

Auta ta sa ƙafa ta taka igiyar, ta ja Gimbiya bayanta. "Ba a yi mata allura da safe. Likita ta hana."

Baba yana bakin ƙofa yana ɗaura agogonsa. Ya duba shi, ya dubi 'yarsa.

"Auta, yau Alhamis. Ƙarfe huɗu ake rufe taga. In takardar shaidar miƙa fom ba ta shigo hannuna yau ba, kada a sake ambata min yaron nan, gobe zan saurari magabatan Dokta. Ba zan yi miki dole ba, kin sani. Amma na gaji da jiran agogon da ba ya tafiya."

"Zai miƙa, Baba. Ya rantse min."

"Bara ma ya rantse."

* * *

Da azahar ta isa asibitin dabbobi. Ta sami Sai Baɗi a bencin bayan ɗakin magani, fayil a cinya, ido ja.

"Me kake yi a nan? Ba layin taga ya kamata in same ka ba?"

"Na je, Auta."

"To ina takardar?"

Ya buɗe fayil ɗin ya zaro wata takarda da ta fara rawaya. "Bayoloji. Shi ne kwas ɗin da na fara yi. Shi kaɗai ne ban taɓa maimaitawa ba, don ni na zo na ɗaya a ajin."

"Na sani. Ka gaya min sau ɗari."

"Ya cika shekara biyar. Kwana tara ke nan da ya mutu."

Auta ta zauna a kan buhun dusa.

"Kwana tara?"

"Na roƙe su. Matar taga ta ce ko kwana ɗaya ne, ya mutu."

"Bara fa? Bara yana da rai, ko ba haka ba?"

"Bara Lissafina ne..."

"Lissafinka lafiyarsa lau!" Hawaye suka ɓalle mata. "Ban gaya maka ba? A barandar aji na riƙe hannun rigarka na ce ka miƙa haka nan, in sun ƙi ka sun ƙi ka, mu san matsayinmu. Ka ce kai ba ka shiga wuri da rabin ƙarfi. To ga shi ka tara ƙarfin, ƙofar ce babu."

"Don ke nake yi, Auta. Ba na so in je gaban Baba da takardar an ƙi ni."

"Sai ka gwammace ka je masa da babu?"

Shi ma ya fara share ido da bayan fayil. "In na sake Bayoloji wannan zangon, to ba..."

"In ka faɗi kalmar nan, wallahi zan ɗaure ka a turken Gimbiya. Ka san me na sha? Shekara huɗu ina jan akuya a rana. Yara suna min waƙa. Gwaggo ta ce warin awaki ya kore min manema uku. Na haddace ƙasusuwan saniya alhali ko kallon mahauci ba na iya yi a da. Gobe kuma mutumin da ke yi wa akuya allurar kaza zai aiko magabatansa."

"Ki yafe min."

"Yafewa ba ta da hatimi. Baba hatimi yake son gani."

Suna cikin haka ƙofa ta buɗe, tsohuwar Likita mai asibitin ta leƙo da safar roba har gwiwar hannu. Mace ce da ba ta da lokacin gaisuwa, balle na kuka.

"In kun gama jiƙa min dusa, ina da tambaya. Shi nasa ya mutu, na ji. Ke fa naki?"

"Nawa me, Likita?"

"Kwas nawa kika yi?"

Auta ta ja hanci. "Ni ai rakiya nake yi."

"Ban tambaye ki dalili ba. Nawa?"

Ta shiga ƙirgawa da yatsu. Kemistiri na ɗaya da na biyu. Fiziks. Lissafi. Turanci. Ta tsaya a biyar.

"Ajin da ke kusa da nawa," in ji Sai Baɗi a hankali, "wanda kika shiga don baranda. Me ake koyarwa a ciki?"

Auta ta dube shi. "Bayoloji."

Likita ta cire safar, ta shiga ciki, ta dawo da wani ƙaton littafi mai baƙin bango ta dire shi a kan benci.

"Ranar da kika fara kawo min akuyar nan na duba ta daga haƙori har kofato. Na gane ba ita ce mara lafiyar ba. Na ce tun da kin zo, riƙe min ƙafar maraƙi. Ni kuwa duk wanda ya riƙe min ƙafar dabba sai na rubuta sa'arsa." Ta lashi yatsa ta buɗe shafi. "Ɗari huɗu da goma sha biyu. Wasiƙar shaidarki na cikin durowata tun shekara biyu da suka wuce. Ina jiran ranar da za ki daina kallon ƙeyar yaron nan ki kalli hannunki."

"Likita, ni ba don aikin nake zuwa ba."

"Asabar ɗin da zazzaɓi ya kwantar da shi, kin san ba ya nan. Wa ya zo ya karɓi haihuwar tunkiya mai 'yan uku? Ko akuyar ma ba ki kawo ba ranar."

Auta ta dubi hannunta. Ta tuna ranar. Ta tuna na ukun da ya fito ba numfashi, yadda ta share masa hanci ta murza ƙirjinsa har ya yi atishawa, da yadda ta koma gida tana dariya ita kaɗai a hanya. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ta juya ta dubi Sai Baɗi. A nan take jin tsoro, don ta ga maza da yawa da nasarar mace ke tsaya musu a maƙogwaro. Ya ɗago kai ya dube ta.

"Nawa kika ci a Kemistiri na biyu?"

"Kada ka tambaya."

"Gaya min."

"Na fi ka da sha ɗaya."

Ya runtse ido kamar an taka masa yatsa. Sannan ya buɗe fayil ɗinsa ya zaro fom sabo fil, ya cire murfin biro da haƙori.

"Sau huɗu ina cike fom ɗin nan ban miƙa ba. Babu mai rai da ya san shi kamar ni. Shafi na uku ne ke cinye mutane. Faɗi ranar haihuwarki."

Cikin minti ashirin ya gama, ba gogewa ko ɗaya. Sai ya tsaya a layin ƙarshe.

"Ana haɗawa da ainihin takardun sakamako. Ina naki?"

Auta ta dafe kai. "Suna akwatin ƙarfen Baba. A shago."

* * *

Shagon Baba ɗan tsukuku ne, bango cike da agoguna, kowanne da lokacin da ya ga dama. Baba na zaune da madubin aiki maƙale a ido ɗaya. Gwaggo na kan kujerar baƙi tana lissafa masa kyawawan halayen Dokta, ta kai ga na tara. Sai Baɗi ya tsaya daga tsallaken titi, tun da har yanzu dokar na kansa.

Auta ta durƙusa.

"Baba, mabuɗin akwati nake roƙo. Amma kafin nan akwai abin da zan faɗa."

"Ya miƙa?"

"Bai miƙa ba. Ba zai iya ba bana."

Gwaggo ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi, magana ta ƙare."

"Baba, Gimbiya ba ta taɓa ciwo ba."

Madubin ya faɗo daga idon Baba ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Idon fa?"

"Lafiyarsa lau."

"Kunnen?"

"Ƙarya na yi, Baba."

"Tarin da kika ce tana yi in ba na nan?"

"Ba ta taɓa tari ba."

Baba ya jingina da bango. "Shekara huɗu ina rufa wa akuyar nan bargona. Na hana ta ciyawar bakin titi. Na sa an yi mata addu'a." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni kika mayar abin wasa, Auta?"

Wannan ya fi mata zafi a kan duka. Ta sunkuyar da kai tana kuka, ta gaya masa komai: bencin baya, baranda, littafin Likita, fom ɗin da ke hannunta.

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Likitar dabbobi? Mace? Ka san abin da suke yi kuwa? Hannu suke zurawa cikin saniya har kafaɗa. Wa zai ci abincin da hannun nan ya dafa?"

"Ai na shekara uku ina zurawa, Gwaggo," in ji Auta cikin shessheƙa, "kuma jiya kin yi ƙari."

Baba ya sunkuya. Ya jawo akwatin daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Ambulan shida ne a ciki, duk a liƙe kamar yadda makaranta ta ba da su. Duk ƙarshen zango Auta kan miƙa masa, ya ce Allah ya yi albarka, ya jefa ciki ya kulle. Mutumin da ke iya hango ƙurar da ta tsayar da agogo bai taɓa buɗe ambulan ɗin 'yarsa ba. Kada ka yi masa dariya, mai karatu. Za mu zo kanka.

Ya yage na farko, ya karanta. Ya yage na biyu. Da ya kai na huɗu sai ya lalubo madubinsa ya maƙala, kamar lambobin ne suka yi ƙanana. Ya gama na shida ya jera su a kan tebur.

"Ƙanena, ka yi magana mana," in ji Gwaggo.

Baba ya duba agogon hannunsa. "Uku da minti ashirin da biyar. Yaya, tsare min shago." Ya fito ya tayar da babur, ya ɗaga murya zuwa tsallaken titi. "Kai kuma, ka san hanya. Biyo mu da ƙafa, ka saba da isa a makare."

* * *

Suna shiga ofishin, matar taga tana jawo marfi.

"An rufe. Sai shekara mai zuwa."

"Saura minti takwas," in ji Baba.

Ta nuna agogon bango da biro. Ƙarfe huɗu daidai.

Baba ya kalli agogon kamar yadda likita ke kallon mai ƙaryar ciwo. "'Yata, agogon nan gudu yake. Kowane mako yana ƙara minti ɗaya, kuma daga ganinsa wata biyu ba a taɓa shi ba. Duba wayarki."

Ta duba. Ta sake dubawa. Ta tura marfin baya tana gunaguni cewa ita dai ba ta ci abincin rana ba. Ta karɓi fom ɗin ta bi shi layi layi tana neman kuskure, har shafi na uku, ba ta samu ba. Ta ƙirga sakamako shida, ta duba ranakunsu, ta karanta wasiƙar Likita.

Hatimi ya sauka.

A lokacin ne Sai Baɗi ya faɗo ofishin yana haki, takalmi ɗaya a hannu. Baba ya karɓi 'yar takardar shaidar, ya karanta sunan da ke kai, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

"Takarda ta shigo hannuna kafin huɗu," ya ce, "amma ba sunanka a kai."

"Haka ne, Baba."

"Wa ya cike mata fom?"

"Ni ne."

"Bai yi maka ciwo ba?"

"Ya yi, Baba. Har yanzu ma yana yi."

Baba ya gyaɗa kai, da alama amsar ta yi masa. "Likita nake nema wa gidana, ashe ina kulle ta a akwati. Don haka Dokta ya riƙe magabatansa, Yaya ce ta gayyato su, ita za ta sallame su. Saura kai. Yaushe ake rajistar Bayoloji?"

Auta ta zuba wa Sai Baɗi ido. Ta ga leɓɓansa sun haɗu za su furta abin da suka saba.

"Litinin," ya ce.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas na safe."

Baba ya kwance agogon hannunsa, wanda ko wanka ba ya cire shi sai ya ajiye inda zai gan shi, ya ɗaura a hannun saurayin ya ja maɗaurin har sai da ya ɗan yi ƙara.

"Aro ne. Ranar Litinin ka dawo min da shi tare da takardar rajista. In ka kawo, Asabar ka zo ƙofar gida kamar mutum. Ku bar min akuyata ta huta."

Wayar Auta ta yi ƙara. Gwaggo ce. Ta rufe shago ta koma gida, ta tarar Dokta ya dawo da wata kwalbar, wannan karon mai hoton doki, kuma ya riga ya kama Gimbiya.

Baba ya riga kowa kaiwa ga babur.

Kana so ka san ko sun isa kafin allura? Kana so ka san ko makaranta ta ɗauki Auta, tun da miƙa fom ba shi ne samun gurbi ba? Ba ka cancanci sani ba tukuna. Akwai akwati a gidanka, ko durowa, ko ƙasan katifa, inda takardun wata yarinya ke kwance a liƙe, kuma suna tsufa kamar Bayolojin Sai Baɗi. Ajiye littafin nan. Je ka buɗe su ka karanta, ka kira ta ka tambaye ta me take so ta zama, sannan ka nemo ranar da ake rufe taga ka rubuta a bango. Tashi yanzu.